Shekarar da Zanzaro Ya Juyo da Jirgin Baba

Ku 'ya'yana, da ku jikoki masu tasowa, akwai labarai biyu da ake bayarwa a kaina a Talata Mafara, kuma duka biyun ba haka aka yi ba. Na farko, wai na taɓa ɗauko jirgi cike da maniyyata na zo na yi ta kewaya gari don in gaida Inna. Na biyu, wai saboda wannan rawar kai ne kamfani ya hukunta ni, aka tashe ni daga kujerar kyaftin aka mayar da ni cikin fasinjoji. Na farkon yana yi mini daɗi, shi ya sa na daɗe ban ƙaryata shi ba. Na biyun kuwa ya taɓa sa 'yata Hadiza ta dawo daga firamare da hijabi a yage, don ta yi dambe a kaina. To yanzu da na ajiye tuƙi, gwiwa ta fara gardama amma hannu bai fara rawa ba, bari in rubuta muku yadda abin ya faru, ku daina dambe a kan abin da ba ku sani ba.

Kun san gidanmu gidan fawa ne da fataucin shanu. Kakanku Malam Dahiru, wanda muke kira Baba, ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin karar shanu ta Mafara da ta Bakura da ta Maradun. Mutum ne da zai hango sa daga nesa ya gaya maka yawan naman da ke jikinsa, kuma in an yanka a tarar haka ne. Yaya Lawali, babban wanmu, shi ya gaji wuƙa da tukuba. Ni kuwa tun ina ƙarami jini ke sa ni jiri, har aka fid da rai da ni aka bar wa makarantar boko. Har gobe Yaya Lawali yana cewa ragwanci ne ya kai ni sama.

Abin da ya hana Baba zuwa Makka ba rashin hali ba ne. Inna ta je, ƙannensa sun je, har yaran da ya koya wa riƙon igiya sun je sun dawo da haƙorin Makka, shi yana nan Malam Dahirunsa. In aka matsa masa sai ya ce:

"Ni ba ni shiga abin da ban san mai riƙe da akalarshi ba. Rad da Sani yak kai ga tuƙa na Makka, ku zaka ku ɗauke ni."

Mutane sun ɗauka wasa yake yi. Ni na san ba wasa ba ne, kuma maganar ta zauna mini a zuciya tun ina mataimaki a ƙananan jiragen cikin gida. Duk wata jarrabawa da na shiga, abin da nake gani ɗaya ne: ina kujerar hagu ta kyaftin, Baba yana bayana, mun nufi gabas. Shekara tana tafiya, Baba yana tsufa, ni kuma ina tsoron kada ya riga ni gajiya.

A shekarar da nake ba ku labari kamfaninmu ya samo sababbin jirage, aka tura mu ƙasar waje muka koyo su, na dawo da igiyoyin kyaftin a kafaɗa. Allah kuma ya sa aka ba kamfanin jigilar maniyyata daga Sakkwato. Da na ga sunana cikin waɗanda za su yi aikin, sai na kama hanyar Mafara, na iske Baba a zaune a kan buzunsa bayan tukubar Yaya Lawali, tare da amininsa Malam Bawa na Birnin Tudu. Bayan mun gama gaisuwa, an tambayi iyali da gajiya da damina da ruwa, na ce masa lokaci ya yi. Baba bai yi murna nan take ba. Sai da ya sa na zayyana masa jirgin tun daga hanci har wutsiya, kamar yadda yake sa dillali ya faɗi asalin saniya.

Na gaya masa tsofaffin jiragen da na fara da su, igiyoyin ƙarfe ne suka tashi daga hannun matuƙi har zuwa fikafikai, abin da ka ja shi jirgi zai yi, ko alheri ko akasinsa. Wannan sabon kuwa babu igiya. Akwai 'yar sanda a gefen kujera, in ka motsa ta sai saƙo ya bi waya zuwa kwamfuta, ita kuma ta duba ta ga ko abin da ka nema zai cutar da jirgin kafin ta motsa fiffike. In ka so ka karkata shi fiye da kima, ba ta yarda. In ka ɗaga hancinsa har iska ta kusa daina ɗaukarsa, sai ta tsayar da kai ta ƙara wa inji wuta. In gudu ya yi yawa, ta ɗago hancin da kanta.

"Wato awa tsohon san noma," in ji Baba, "wanda ko ka ja shi wajen rijiya ba shi bi."

"Haka ne, Baba."

"To shi sa da ido shika ganin rijiya. Wanga da mi shika gani?"

Na ce akwai 'yan bututai uku a gefen hancinsa, ba su wuce yatsa kauri ba, su ke shaƙar iska su gaya wa kwamfuta gudun jirgi. An yi su uku ne don su zama shaidun juna. In ɗaya ya kauce, biyun su rinjaye shi a yi watsi da maganarsa, tafiya ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Amma in aka rasa biyun da bakinsu ya zo ɗaya, to kwamfuta ba ta yin kamar ta sani. Sai ta sauka mataki na biyu: ta janye mafi yawan tsaron nan, ta bar gargaɗi kawai, ta ce wa matuƙi daga nan idonka ne. In abin ya ƙara lalacewa kuma akwai mataki na uku, inda take cire bakinta gaba ɗaya, abin da hannunka ya yi shi fiffike zai yi, kamar jirgin da.

Malam Bawa ya ce shi wannan bayani ya ƙara masa tsoro ne. Baba kuwa ya murza gemu, sannan ya yi tambayar da a lokacin ban ga nauyinta ba.

"In idon yal lalace, shina hwaɗi, ko ɓoyewa shikai?"

"Yana faɗi, Baba. Da ƙararrawa ma."

"Ba shi jin kunya?"

Muka yi dariya ni da Yaya Lawali. Baba bai yi ba. Ya ce a je a biya musu kujera shi da Malam Bawa, kuma a tabbatar jirgina ne.

Ku da kuka taso a birni ba ku san yadda ake bankwanan maniyyaci a gida ba. Ba jaka ake ɗauka kawai a fita ba. Baba ya bi gida gida yana neman gafara, tun daga mahautan unguwarmu har Fulanin da ya saba saye a wurinsu a bayan Maradun. Ya je Bakura ya roƙi wani da suka taɓa sa-in-sa a kan bijimi tun ba a haife ni ba. Ya raba igiyoyinsa, ya damƙa wa Yaya Lawali garke, ya yi wasiyya a gaban liman. Wanda ya yi wannan ya riga ya fita daga gari, ko da ƙafarsa tana ciki. Dawowa ba tare da an ga Ka'aba ba kuwa abin kunya ne da ba ya wankuwa. Akwai wani dattijo a unguwarmu da aka taɓa yi wa irin wannan rakiya, jirgi ya bar shi, ya dawo a motar haya. Har ya koma ga Allah ana kiransa Alhajin Sakkwato, jikokinsa ma ba su tsira ba. A cikin wannan zagayen neman gafara na lura Baba ba ya zuwa ko'ina sai da Malam Bawa a gabansa, kuma ba ya kiran sunan mutum sai mutumin ya fara magana. Na ɗauka tsufa ne da natsuwar mai shirin tafiya.

Jirginmu yana cikin na ƙarshe ƙarshe. Kwanakin da suka rage kafin a rufe karɓar maniyyata a Jidda ba su da yawa, kowa ya san haka. Ƙarshen damina ne, gari ya waye garau, ko'ina kore. Da sassafe aka cire murfin da ake rufe bututan nan da shi, don an ce yanzu za a tashi. Sai kaya suka tsayar da mu. Mutanenmu sun zo da garin kuka da daddawa da gero da man shanu da kilishi, kamar an ce musu babu abinci a ƙasa mai tsarki. Wata tsohuwa daga Ruwan Gizo ta rantse ba ta shiga sai da turminta. Kafin a gama awo da lallashi hantsi ya dubi ludayi, jirgi yana tsaye a rana da hanci a buɗe. Mataimakina Bitrus, wani natsattsen saurayi ɗan Zuru, ya zagaya jirgin kamar yadda aka saba, bai ga komai ba, kuma babu abin da ido zai gani daga ƙasa.

Na tsaya a bakin ƙofa da kakina na tarbi Baba. Ya hawo yana dafe da kafaɗar Malam Bawa, ya shafa igiyoyin kafaɗata da hannu, ya ce:

"To, mai akala. Mun shigo."

Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, ko ranar da aka haifi Hadiza sai dai su yi kunnen doki.

Muka tashi lafiya. Muna cikin hawa, Sakkwato tana ƙanƙancewa a bayanmu, sai Bitrus ya ce:

"Kyaftin, allona yana cewa gudunmu ya yi yawa, kuma ƙaruwa yake yi. Naka fa?"

Nawa cewa yake yi gudun ya yi kaɗan. Na ukun kuma ya kama tasa hanyar daban. Kafin in ba shi amsa ƙararrawa ta buga, na'urar da ke tuƙi da kanta ta saki jirgin, rubutu ya fito a gabanmu cewa tsaro ya janye. Mun sauka mataki na biyu. Shaidu uku, kowa da bakinsa, kwamfuta ta ce ita ba ta san na gaskiya ba.

Ina so ku fahimci wannan, don a gari cewa ake yi jirgin ya mutu a sama na tashe shi. Babu abin da ya mutu. Injuna biyu suna aiki sumul, sanda tana amsawa, fasinjoji ko motsi ba su ji ba. Abin da ya tafi shi ne hannun nan da ke tare ka in za ka yi kuskure. Yanzu in na ɗaga hanci don in bi maganar allon Bitrus, zan iya kai mu inda iska za ta sake mu, kuma kwamfuta sai dai ta yi ihu, ba za ta hana ba. In na dunƙufar da shi don in bi nawa allon, gudu zai iya wuce abin da jiki zai ɗauka. Abin da aka koya mana a ɗakin gwaji shi ne kada ka bi kowa a cikinsu. Ka ajiye hancin a inda ka haddace, ka ba inji wutar da ka haddace, jirgi zai tafi daidai ko da duk alluna sun haukace. Haka na yi. Da muka daidaita, Bitrus ya gwada su ɗaya bayan ɗaya da gudun da tauraron ɗan'adam ke nunawa, muka gane na ukun ne mai gaskiya, muka kashe biyun.

Daga nan ne aikin ya koma na zuciya. Jirgin yana tafiya lafiya lau, sama tas, gabas tana gabana, Baba yana bayana. Wata murya a raina tana cewa ai shaida ɗaya ya rage kuma mai gaskiya ne, ka tuƙa da hannu mana, ba ka yi shekaru kana yi ba? Na san in na juya, ba lalle a gyara jirgin kafin a rufe Jidda ba. Na ga Baba yana saukowa daga motar haya a ƙofar gidanmu, bayan ya nemi gafarar gari guda. Amma na san abin da ke gaba: tafiya mai tsawo a kan hamada, da hadarin da ke taruwa a hanya da rana a irin wannan lokaci, da shaida ɗaya tak wanda in ya kauce babu mai ƙaryata shi. Kuma ba Baba kaɗai ne uba a jirgin ba. Bitrus kallona kawai yake yi, ya san wanda ke zaune a baya.

"Kira hasumiya," na ce masa. "Gida za mu koma."

Jirgin ya yi nauyi da man tafiya mai nisa, sai mun rage kafin mu sauka. Na nemi a ba mu wuri mai sarari da alamar da ido zai riƙe, kuma a wannan yanki babu alamar da ta kai ruwan dam ɗin Bakolori, daf da Mafara. Can muka je muka yi ta kewayawa, muna bin ƙa'idojin saukar ɗaya bayan ɗaya. Ranar kuwa Talata ce, kasuwa ta cika. Kun ji asalin gaisuwar Inna.

Na ɗauki abin magana na yi wa fasinjoji bayani da Hausa. Na ce Sani ne ɗan Malam Dahiru na Mafara, na'urar auna gudu ta samu matsala, jirgi lafiyarsa ƙalau amma ba zan ratsa hamada da su a haka ba. Ma'aikaciyar jirgi ta gaya mini daga baya cewa wuri ya ɗauki salati da gunaguni, Malam Bawa yana ta faɗin shi dama ya faɗa. Baba kuwa tambaya ɗaya ya yi mata, wai jirgin ne ya faɗi da kansa ko ni na gano. Ta ce ita ba ta sani ba.

A irin jirgin nan, in kana mataki na biyu ka sauke tayoyi, sai ya wuce na uku. Muna jiran hakan, kuma haka aka yi. Kwamfuta ta cire bakinta, na koma daidaita hancin da hannu, ina jin nauyin jirgin yana amsa mini kai tsaye. Kada ku gaya wa kowa, amma a cikin wannan hali na ji wani daɗi, kamar na haɗu da tsohon abokin makaranta. Muka dira da ɗan ƙarfi, ba irin saukar da nake alfahari da ita ba, jirgi ya tsaya, kabbara ta tashi daga baya har muna ji ta cikin ƙofa.

Injiniya ya hau tsani ya leƙa bututan, ya sauko yana dariya da abu a tafin hannunsa. Laka ce. A ɗan zaman da jirgin ya yi a rana ana rigimar turmi, zanzaro ya samu ramuka biyu masu kyau ya fara gini, har ya ajiye tsutsa a ɗaya. Na karɓa na kai wa Baba a sansanin alhazai don ya ga abin da ya juyo da mu. Bai kalla ba. Ya murza ta da yatsu, ya kai hanci, ya ce lakar fadama ce, mai ginin ya san aikinsa.

Aka ce sai an kawo sababbin bututai daga nesa. Wasu maniyyata na kusa suka tafi gida su jira. Baba ya ce ko gawarsa ba ta komawa Mafara sai ta ga Ka'aba. Washegari sai ga Yaya Lawali da naman rabin bijimi a bayan mota, da labarin cewa gari ya dagule da murna. Wai kasuwa ta tsaya cak ana kallon sama, Inna ta fito tsakar gida tana ɗaga mayafi, mata suna guɗa, ta sa an toya waina an raba sadaka, don ɗanta ya zo da jirgi ya yi mata sallama har ba ta san sau nawa ba. Yaya Lawali ya kafa tukuba a bakin sansani, Baba yana zaune yana ba da umarnin gishiri da ƙuli, mutanen Bakura da na Maradun suka kewaye shi ana ci ana tsokanar tsohuwa mai turmi cewa ita ta gayyato zanzaro. Wanda ya wuce zai ɗauka suna ake yi. Ni kaɗai nake zagayawa da waya a kunne, ina tambayar inda bututai suka kwana.

Ranar da suka iso, tare da wani babban kyaftin da kamfani ya turo ya duba abin da ya faru, aka saurare mu ni da Bitrus, aka ce mun yi daidai. Manaja ya ce gobe da safe ni zan kai jirgina Jidda, kuma za mu shiga kafin a rufe. Na tafi da gudu in gaya wa Baba. Na iske shi bayan la'asar a gindin wata bishiyar bedi, ya sallami kowa. Ya saurare ni, ya yi hamdala, sannan ya ce in zauna.

"Sani, wanga hannu da kaka ɗagawa, ban ganin shi. Inuwa kurum nika gani."

Na ce tun yaushe.

"An daɗe. Innarku ta sani, ita ɗai. Shanun da nis saye bana duk da hannu nis saye su, da kunnen abin da Bawa ka hwaɗi. Shi kanshi bai gane ba, shina cewa ƙauna ta tas sa nika dafa shi." Ya yi 'yar dariya. "Cewa nika yi in an sani za a hana ni tahiya, a ce in zauna wancan shi yi min." Wancan shi ne Yaya Lawali, Baba bai taɓa kiran sunan ɗan farinsa ba. "To bayan mun sauka daga jirgin ga, anka ce na'ura ta hwaɗi da bakinta ba ta gani, ta miƙa ma akala. Nic ce, ƙarhe ma ya hwaɗi, ni mi nika ɓoyo? Can taro na da ba a shiga da ƙarya. In na ɓace ma Bawa cikin mutane, ba ni ganin hanya."

Hawaye suka zubo mini, kuma na gode wa Allah da ba ya ganinsu. Na ce za a gaya wa Malam Bawa da malaman jirgi da likitan tawaga, za a riƙe shi hannu da hannu. Ya ce ya yarda. Sai ya laluba ya kama wuyan hannuna.

"Saura guda. Da jirgin nan yad dira, na ji tsoro, ban ɓoye ma. Muryarka nika ji daga rufi, ban san inda kake ba. In da hali, gobe ka zauna kusa gare ni."

Ku duba abin da aka roƙe ni. Shekara da shekaru ina hawa matakala don kujera ɗaya a rana ɗaya, ga ranar ta zo, ga kujerar an ba ni, mai ita kuma ya ce in bar ta. Na so in tuna masa shi ne ya ce ba ya shiga sai ni ke riƙe da akala. Na buɗe baki, na ji yadda ya riƙe hannuna, na fasa. Na je na samu manaja na ce babban kyaftin nan ya kai jirgin, ni in zauna a baya, in na huta in dawo da shi. Ya dube ni ya ce na san abin da za a ce? Na ce na sani. An kuwa faɗa. A wurin aiki an daɗe ana raɗa cewa zuciyata ce ta karye bayan zanzaro, a gida kuma maniyyatan da suka gan ni cikinsu da kaki suka kawo labarin hukunci. Baba bai sake zuwa Makka ba, don haka ban taɓa tuƙa shi zuwa can ba, kuma ba zan ce muku abin bai taɓa yi mini ciwo ba.

Malam Bawa da aka gaya masa, sai da ya yi fushi na ɗan lokaci, wai an mayar da shi sandar makaho bai sani ba. Daga baya ya ɗaure gefen haraminsa a hannun Baba, haka suka yi ɗawafi da Arfa da jifa, suka dawo tare suna gardamar wanda ya ja wani. Bayan sallah aka kankare wa Baba yanar ido ɗaya, ya koma kara yana hango sa daga nesa, Alhaji Dahiru wannan karon. Inna kuwa har ta rasu tana ba baƙi labarin ranar da na zo gaishe ta da jirgi, ni kuma ina gefe ina gyaɗa kai. Wannan ku bar wa gari, bai cutar da kowa ba. Na hukuncin ne nake so ku gyara in kun ji.

Bari in koma ranar tafiyar. Da safen muka hau. Ni na ɗaura masa bel, na ba shi kujerar taga ko da yake ba ta da amfani a wurinsa. Da injuna suka ɗauka ya damƙe wuyan hannuna da irin riƙon da yake yi wa igiyar bijimi, har sai da yatsuna suka yi sanyi. Muka ɗaga. Can ya ce:

"Mi kaka gani?"

Na leƙa ta kansa. Na ce ga ruwan Bakolori yana ƙyalli, ga gonakin shinkafa sun yi kore, ga titin Gusau, ga Mafara can gefe, ina jin ma ga rufin kasuwa.

"Kana ganin garkena?"

"Baba, daga nan ko giwa ba a gani."

"To ka ce kana gani mana. Wa zai ƙaryata ka?"

Na ce ina gani, ga farin bijimin nan a gaba, Yaya Lawali yana binsu da sanda yana haki. Ya yi dariya har da tari, mutanen kujerar gaba suka waiwayo. Riƙon ya sassauta, amma bai saki ba. Muryar babban kyaftin ta fito daga rufi tana yi wa alhazai maraba, Baba ya karkata kai ya saurara har ta ƙare, sannan ya jijjiga hannuna.

"Wancan shi tuƙa jirgi," ya ce. "Kai ka kai ni Makka."

Bai saki hannun ba sai a Jidda, inda na ɗora shi a kafaɗar Malam Bawa.